Masu Jaket a Ƙofar Shago da Mai Littafin Tallafi a Unguwa

Tambayar wata Hajiya daga Jos: "Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon atamfa da shadda a wajen Terminus. Ranar Talata wasu maza uku sanye da jaket da kati a wuya suka zo suka ce sabuwar dokar haraji ta fara aiki, in biya naira 85,000 nan take ko su garƙame shagon. Lambar asusun da suka ba ni sunan mutum ne a kai. Na roƙe su zuwa Litinin. A cikin makon kuma wata mata ta riƙa bin gidaje a unguwarmu tana rubuta lambar katin zaɓe da NIN da lambar asusu, wai za a raba tallafi. Surukata har ta bayar. Yaya zan gane na gaskiya da na ƙarya?"

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah, Hajiya. Allah ya sa wa kasuwa albarka. Kin yi dabara da kika nemi a ɗaga miki ƙafa zuwa Litinin, domin babu abin da ɗan damfara ya tsana kamar a ce masa ya dawo jibi. Kada ki tura ko sisi cikin wannan asusun.

Ni akanta ne. Na daɗe ina riƙe wa 'yan kasuwa littattafai daga Terminus zuwa Katako da Farin Gada, ina raka su ofisoshin haraji, na kuma yi aikin sa ido a rumfunan zaɓe a Jos ta Arewa fiye da sau ɗaya. Shi ya sa tambayoyinki biyu ba su zo mini a matsayin abubuwa daban ba. A duka biyun wani ne yake so ki miƙa masa abu mai daraja cikin gaggawa, ba takarda, ba shaida.

Bari mu fara da masu jaket. Mutanenmu sun saba duban mutum: kayansa, katinsa, Turancinsa, motar da ya zo da ita. Duk wannan ba ya tabbatar da komai. Kati da jaket kowane shagon ɗab'i zai haɗa su kafin a kira la'asar. Abin da za ki duba shi ne inda kuɗin zai faɗa. Kuɗin gwamnati asusun gwamnati yake shiga. Tun 2015 gwamnatin tarayya ta tattara kuɗaɗen shigarta cikin asusun bai ɗaya, wanda ake kira TSA, kuma a tsarin da aka saba mai biya yakan fitar da lambar biya tukuna, irin ta Remita, sannan ya je banki. Jiha ma tana da nata tsarin: a ba ki takarda mai ɗauke da lambar biya, ki biya ta banki ko ta hanyar da hukumar ta amince da ita, rasit ya fito da sunanki da sunan hukumar. Idan kika sa lambar asusu a waya, kafin ki danna tura ai suna yana fitowa. Da zarar kin ga sunan mutum, ko sunan wani ɗan kamfani da ba ki taɓa ji ba, magana ta ƙare.

Akwai abin da nake so ki riƙe da kyau a nan. Ko da a ce mutanen nan ma'aikata ne na gaskiya, kuɗin da ya shiga aljihunsu ko asusunsu ba haraji ba ne, bashin yana nan a kanki. Na taɓa zama da wani dattijo mai sayar da hatsi da ya shekara uku yana ba wani mutum kuɗi a hannu, ana ce masa an sasanta, ana miƙa masa wata takarda mai tambari. Ranar da ya tashi neman takardar shaidar biyan haraji don wani kwantiragin kai abinci, aka buɗe kwamfuta, ko sunansa babu. Mutumin da yake karɓa kuma wayarsa ta daina shiga. Dattijon nan sai da ya sake biya, kwantiragin kuma ya wuce shi. Har yau idan na tuna yadda ya zauna shiru yana jujjuya takardun nan a hannunsa sai raina ya ɓaci. Abin da ake kira sasanci a bakin shago yana da araha a ranar, amma sau biyu ake biyansa.

Abu na gaba da zai ba ki ƙarfin gwiwa shi ne sanin wa ke karɓar me. Hukumar tarayya, wadda aka sani da FIRS, daga 1 ga Janairu 2026 sunanta ya koma NRS. Babban aikinta harajin kamfanoni ne da harajin VAT, wanda yake kashi 7.5 cikin ɗari tun 2020. Ke da kike kasuwanci da sunanki, ba kamfani mai rajistar hannun jari ba, harajin ribarki na jiha ne, wato Hukumar Tara Kuɗin Shiga ta Jihar Filato, PSIRS. Da a Abuja kike zaune, FCT-IRS ce za ta karɓa. Ƙaramar hukuma kuma tana da nata: kuɗin shago, kuɗin rumfar kasuwa, kuɗin allon talla da makamantansu. To idan mutum ya tsaya a ƙofar shagon atamfa ya ce daga tarayya yake, ya zo karɓar harajin ribarki, tun daga nan ya fara tuntuɓe. Tambaya ɗaya za ki yi masa cikin ladabi: "Wane haraji ne wannan, sunansa, kuma na wace shekara?" Mai gaskiya yana da amsa a rubuce. Maƙaryaci sai ya koma ɗaga murya.

Ita kuwa sabuwar dokar da suke tsoratar da ku da ita, gaskiya ne akwai ta. Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan dokokin haraji huɗu ranar 26 ga Yuni 2025, bayan aikin kwamitin da Taiwo Oyedele ya jagoranta, kuma sabon tsarin ya kankama a farkon 2026. Amma abin da ke cikinta ga mai ƙaramin ƙarfi sauƙi ne fiye da yadda ake yayatawa. Naira 800,000 ta farko a cikin abin da mutum ya samu a shekara babu haraji a kanta. Naira miliyan 2.2 da ke biye kashi 15 cikin ɗari ne, daga nan yana hawa mataki-mataki har ya tsaya a kashi 25 ga masu samun sama da miliyan 50. Kuma riba ake dubawa, ba ciniki ba. Idan kin sayar da kaya na miliyan 20 a shekara, amma bayan kin cire kuɗin saro kaya daga Kantin Kwari, kuɗin mota, hayar shago da albashin yaranki, abin da ya rage miliyan 2 ne, to a kan miliyan 2 za a yi lissafi. A cire 800,000, saura miliyan 1.2, kashi 15 ɗinsa naira 180,000 ke nan, kafin a duba sauran rangwamen da doka ta tanada, kamar na hayar gida. Wanda ribarsa ba ta kai 800,000 ba, harajin riba bai hau kansa ba. Saboda haka adadin da aka faɗa miki da baki, ba a tambayi littafinki ba, ba a san cinikinki ba, daga ina ya fito?

Ba ina cewa kada ki biya haraji ba ne. Na san tarihinmu da kalmar nan. Iyayenmu sun ba mu labarin haraji da jangali, yadda ake kama talaka a shanya shi a rana, da irin murnar da aka yi lokacin da Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke su bayan hawansu mulki a 1979. Wannan tsoron ya zauna a jinin mutane, kuma shi ɗan damfara yake ci. Wanda ya je da ƙafarsa ya yi rajista, ya biya abin da ke kansa, ya ajiye rasit a cikin jaka, shi ne masu jaket ba sa daɗewa a shagonsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar a nan ita ce mutum ya san a ransa bai biya ba, bai kuma san nawa ake binsa ba.

Game da garƙame shago, hukuma tana da ikon tilasta biya, amma mataki ne na ƙarshe, ba na ranar farko ba. Ana fara aiko da takardar ƙiyasi mai sunanki, mai nuna shekara da adadi. Idan ba ki yarda ba kina da kwana 30 ki rubuta ƙorafi. Idan ba a daidaita ba akwai kotun ɗaukaka ƙarar haraji, kuma ta shiyyar Arewa ta Tsakiya a nan Jos take zama, ba sai an yi tafiya ba. Sabbin dokokin sun kuma kafa ofishin mai sauraron koken masu biyan haraji. Mutumin da ya tsallake duk wannan ya fara da kwaɗo a hannu, ba doka yake bi ba.

Ranar Litinin kada ki tsaya ke kaɗai. Tun yau ki sanar da shugabannin ƙungiyar layinku, domin da wuya a ce shagonki kaɗai aka shiga. Kafin su iso, ke ko babban yaronki ku je ofishin hukumar jiha da kanku, ku nuna lambar asusun, ku tambaya ko an turo mutane layinku. Kada ku kira lambar wayar da ke jikin takardar da suka bari, domin abokinsu ne zai ɗauka ya ce miki gaskiya ne. Idan sun dawo ki ba su wurin zama, ki ce: "Ku ba ni takardar, zan je ofis in biya." Ba faɗa, ba zagi, kada a bar yara su taɓa kowa. Na sha ganin ƙaramar magana ta zama babba a garin nan, kuma mai shago ne yake kwana a ciki. Idan suka yi yunƙurin sa kwaɗo ko ɗaukar kaya, shugabannin kasuwa su kira 'yan sanda.

Akwai wurin da zan sassauta. Tikitin kasuwa na yau da kullum, na ɗari ko ɗari biyu, har yanzu a wurare da yawa a hannu ake karɓa. A nan abin dubawa shi ne tikiti mai lamba a jere, mai sunan ƙaramar hukuma, kuma mai karɓar sananne ne ga ƙungiya. Amma kuɗi mai kauri kamar wanda aka nema a wurinki ba ya bin wannan hanyar. Direbobin da ke ɗauko miki kaya daga Kano kuma su san cewa tun 1998 dokar da ta jera harajin da kowane matakin gwamnati zai karɓa ta hana kowa, har da hukumar haraji kanta, kafa shinge a hanya don karɓar haraji.

Yanzu damfarar da ta fi yawa ma ba ta zuwa da ƙafa, ta waya take shigowa. Saƙo ya zo cewa za a rufe asusunki idan ba ki haɗa shi da lambar haraji ba kafin ƙarfe goma sha biyun dare, ga adireshin intanet ki danna. Ko a kira ki da murya mai daɗi a ce an cire miki haraji bisa kuskure, za a mayar, ki karanto lambar da ta shigo wayarki yanzu. Wannan lambar, OTP, ita ce mabuɗin ɗakinki. Babu ma'aikacin banki ko na haraji da yake da hurumin tambayarta, haka lambar sirrin katin ATM da lambobin da ke jikin katin. Lambar haraji kyauta ce, kuma a sabon tsarin NIN ɗin mutum ita ce ginshiƙin lambar harajinsa, kamfani kuma lambar rajistarsa ta CAC. Yawancin shafukan hukumomin haraji da gov.ng suke ƙarewa. Jita-jitar cewa duk kuɗin da ya shigo asusu za a yanke masa haraji kai tsaye ba ta da tushe, kuma ta sa wasu sun kwashe kuɗinsu sun kai gida inda ɓarawo ya fi samun sauƙi. Naira 50 da ake cirewa a kan tura kuɗi daga naira 10,000 zuwa sama tsohon abu ne, banki ne yake cirewa da kansa, ba wanda zai kira ki a kai.

Mu koma kan matar da ke yawo da littafi. Ba zan yi saurin kiranta ɓarauniya ba. Sau da yawa ita ma 'yar unguwa ce da aka ba ɗan abin sayen sabulu aka ce ta cika shafi, ba ta san inda littafin zai ƙare ba. Amma banza ba ta kai zomo kasuwa. Tallafin gwamnati na gaskiya ba a ɗaura shi a kan katin zaɓe, kuma duk wanda ya haɗa lambar katin zaɓe da alkawarin kuɗi, ƙuri'a yake nufi ko asusu, ko duka biyun. Ana gab da zaɓen 2023 hukumar INEC da kanta ta fito ta yi gargaɗi cewa 'yan siyasa suna sayen katunan zaɓe suna tattara lambobinsu. Ga shi 2027 na matsowa, an sake fitowa.

Mutane kan tambaye ni, me lambar za ta yi musu tunda ba za su iya zaɓe da ita ba? Gaskiya ne ba za su iya ba. Tun da dokar zaɓe ta 2022 ta ba na'urar tantancewa, wato BVAS, ƙarfin doka, sai na'urar ta karanta yatsan mai katin ko fuskarsa. Amfanin littafin a wani wurin yake. Dillalin siyasa yana kai wa mai gidansa ya ce ga mutanena dubu kaza, a ba shi kuɗinsu, ya cinye. Ana kuma amfani da shi a tsorata mutane, a ce wa tsohuwa lambarki tana hannunmu, za mu ga wanda kika dangwala wa. Ƙarya ce. Ba a rubuta sunan mai zaɓe ko lambar katinsa a jikin takardar ƙuri'a, ba kuma na'urar ce ake dangwalawa a kai ba. Mafi muni shi ne idan aka karɓi katin kansa, wai za a yi masa hoto a dawo da shi. A unguwar da ɗan takara ya san ba za a zaɓe shi ba, ba ya buƙatar ƙuri'arku, abin da yake so shi ne ranar zaɓe ku zauna a gida babu kati. Dokar 2022 ta sa saye ko sayar da katin zaɓe, ko riƙe na wani ba bisa ƙa'ida ba, cikin laifukan da a lokacin suke jawo tarar da ta kai naira 500,000 ko ɗaurin da ya kai shekara biyu. Mai sayarwa ma yana ciki.

Sannan ga ɓangaren asusu. Littafin da ke da cikakken suna, NIN, lambar waya da lambar asusu a layi ɗaya, dukiya ce a hannun 'yan damfara. Bayan wata biyu sai a kira surukarki da sunanta da sunan mahaifinta, a faɗa mata bankinta, a ce tallafinta ya fito saura ta tabbatar da lambar da aka turo. Wa zai yi shakkar wanda ya san wannan duka? A nan ne damfarar haraji da ta zaɓe suke haɗuwa, sau da yawa ma littafi ɗaya ne yake ciyar da su.

Idan aka ce tsaron zaɓe, tunanin yawancinmu yana tafiya kan sojoji da motoci masu jiniya. Suna da amfaninsu, kuma akwai kwamitin haɗin gwiwa na INEC da hukumomin tsaro da ke tsara aikin, 'yan sanda ne a gaba. Amma abin da idona ya gani a rumfa shi ne, ƙuri'a ta fi samun kariya daga mutanen da suka tsaya suka kalla. Ƙasar nan tana da rumfunan zaɓe 176,846 tun bayan ƙarin da aka yi a 2021. Babu rundunar da za ta zuba ido a kan kowace takarda a wurare masu yawa haka. Masu rajista a 2023 sun haura miliyan 93, amma waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa kusan kashi 27 cikin ɗari ne kawai. Rumfar da mutane suka dangwala suka watse ita ce mai sauƙin taɓawa.

Ga yadda abin yake idan an bi ƙa'ida. Da safe jami'in rumfa, wanda yawanci ɗan bautar ƙasa ne, zai nuna wa jama'a akwati babu komai a ciki, ya nuna na'ura ba ta tantance kowa ba tukuna. Ana buɗewa ƙarfe takwas da rabi, kuma duk wanda yake kan layi kafin biyu da rabi sai ya yi zaɓe. Ba a shiga wurin dangwala da waya, domin masu sayen ƙuri'a hoto suke nema kafin su biya. Bayan an gama a juye akwati a gaban kowa, a ware, a ƙirga da ƙarfi. A rubuta sakamako a takardar da ake kira EC8A, ejan na kowace jam'iyya ya sa hannu ya karɓi kwafinsa, a manna sakamakon a bango don jama'a, a ɗauki hoton takardar da BVAS a tura shafin IReV inda kowa zai iya gani. Lamba ɗaya nake roƙon mutane su rubuta a tafin hannunsu: yawan waɗanda na'ura ta tantance. Idan ƙuri'un da aka ƙirga suka fi wannan adadin, aringizo ne, kuma hukuncinsa soke sakamakon rumfar. Ke da kike riƙe littafin bashi kin san wannan lissafin, kayan da suka fita ba za su fi waɗanda suka shigo ba.

Ban yarda da masu cewa na'ura ta gama magance komai ba. Ranar 25 ga Fabrairu 2023 sakamakon zaɓen shugaban ƙasa ya ƙi hawa IReV a kan lokaci, INEC ta ce tangarɗar na'ura ce, kuma amincewar mutane da yawa ta karye daga ranar. A Oktoban shekarar Kotun Ƙoli ta bayyana cewa IReV wurin kallon sakamako ne, ba wurin tattara shi ba. Darasin da na ɗauka shi ne takardar da aka sa wa hannu a rumfa tana da nauyin da bai kamata a yi wasa da shi ba. Jam'iyyar da ta tura ejan da bai iya karatu ba, ko ta bar shi da yunwa tun safe har wani ya saye shi da kuɗin abinci, ita ta buɗe ƙofa da hannunta. Kuma inda aka fi yin ɓarna ba a rumfa ba ne, a hanya ne, tsakanin rumfa da wurin tattara sakamako na mazaɓa, da dare, lokacin da kowa ya gaji sanyin Jos ya kori mutane gida. A nan 41 take zama 141. Maganinsa hoto ne: bayan an manna sakamako, mutum goma su ɗauka da wayoyinsu, a fito da lambar rumfar sosai, ejan kuma ya bi takardarsa har inda za a tattara.

Mu mutanen Jos ba sai an ba mu labarin abin da zaɓe mai duhu yake haifarwa ba. A ƙarshen Nuwamba 2008, bayan zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, zargin ana juya sakamako ya bazu cikin dare, gari ya kama da wuta, ɗaruruwan mutane suka rasa rayukansu, Musulmi da Kirista. Akwai waɗanda na sani da ba su dawo ba. A lokacin ma babu WhatsApp. Yau saƙon murya ɗaya zai zagaye Gangare da Unguwar Rogo da Nasarawa kafin a idar da sallar isha'i, kuma an kai matsayin da ake iya kwaikwayon muryar malami ko ɗan siyasa da kwamfuta. Don haka idan sakamako ya shigo wayarki ba hoton takardar rumfa mai sa hannu ba, ba kuma daga bakin baturen zaɓe ba, ya tsaya a wurinki. Idan aka ce an kai hari wuri kaza, a kira wanda yake wurin kafin a tura wa kowa. Iyaye mata kuna da iko a nan fiye da yadda kuke zato, domin yaran da ake ba ƙwaya da 'yan kuɗi su tayar da rumfa, 'yan sara-suka da ire-irensu, daga ɗakunan unguwa suke fita. Abin lura kuma, zaɓen ƙananan hukumomi a Filato hukumar jiha ce, PLASIEC, take gudanarwa, ba INEC ba, sai a Abuja ne INEC ke yin na ƙananan hukumomi shida. Shugaban INEC tun Oktoba 2025, Farfesa Joash Amupitan, ya daɗe yana koyar da shari'a a Jami'ar Jos, ya san garin nan, amma a Abuja yake zaune, ba shi zai tsaya a rumfarku ba.

Ki kuma ja kunnen samarin gidanki kan aikin wucin gadi na zaɓe. Duk kakar zaɓe sai an buɗe shafukan ƙarya ana cewa a biya dubu biyu ko biyar a sami gurbi, a kuma shigar da BVN. INEC ba ta karɓar kuɗi don wannan aikin, rajistar katin zaɓe da sauya rumfa da maye katin da ya ɓata duk kyauta ne, kuma adireshin shafinta inecnigeria.org ne. Wanda ya yi shakka ya taka zuwa ofishinta na ƙaramar hukuma.

Saura surukarki. Ki kwantar mata da hankali, kada a yi mata faɗa, domin kunya ce take sa mutane su ɓoye har a gama kwashe su. Idan lamba kawai ta bayar kuma katin yana hannunta, ƙuri'arta tana nan lafiya, ta fita ranar zaɓe ta zaɓi wanda ranta yake so. Idan an tafi da katin, ta nemi a dawo mata da shi a gaban mai unguwa, in ya gagara ta kai rahoto ofishin INEC. Ta ɓangaren banki, lambar asusu da NIN kaɗai ba sa fitar da kuɗi, sai an haɗa da lambar sirri ko OTP, don haka daga yau duk wanda ya kira da maganar tallafi ta kashe wayar. Ta je bankinta ta canza lambar sirri, ta tambayi lambar da ake dannawa a toshe asusu ko daga wayar wani ne, ta rubuta ta ajiye a gida. Idan layinta ya ɗauke haka kawai ba dalili, kada ta jira gobe, ta je ofishin kamfanin layin a ranar, domin masu sace layi ta nan suke karɓar saƙonnin banki. In har kuɗi ya riga ya fita, banki za a fara sanarwa cikin sa'ar, tun kuɗin bai bar asusun da ya faɗa ba, a karɓi lambar ƙorafi, sannan a kai rahoto ga 'yan sanda ko EFCC tare da hoton saƙonnin da lambar da ta kira. Idan banki ya yi mako biyu bai ce komai ba, ana kai ƙara sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Najeriya.

Ke kuma, Hajiya, kafin Litinin ki tattaro duk rasit ɗin da kika taɓa karɓa, na jiha daban na ƙaramar hukuma daban, ki yi musu hoto da waya, ki bar kwafi a shago asalin kuma a gida. Ki gaya wa yaran shagon cewa ko ba kya nan babu mai fitar da kuɗi daga aljihun tebur don wani ya ce shi ɗan rebenu ne, domin sukan auna lokacin da mai shago ya tafi sallah ko ɗauko yara daga makaranta. Lambar asusun da suka ba ki kada ki goge ta, ki tafi da ita ofishin hukumar, za su so su ganta.